Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Nemi Ƙananan Kwangilolin Gwamnati Ya Kuma Samu

Da zarar an ambaci kwangilar gwamnati, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne shimfiɗa hanya, ko gina gada, ko sayo jiragen yaƙi, wato ayyukan da sai kamfani mai ɗimbin jari da lauyoyi da injiniyoyi yake iya tunkara. Wannan tunanin ne yake sa mai ƙaramar sana'a ya sallama tun bai gwada ba. Alhali kuwa kowace ma'aikata, a kowace ƙasa, kullum cikin sayayya take: takardun rubutu, tawadar firinta, kujeru da tebura, kayan ɗakin gwaje-gwaje, gyaran famfo da wayar lantarki, sharar ofis, fassarar takardu, horar da ma'aikata na kwana biyu. A ƙasashen OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, abin da gwamnatoci ke kashewa wajen sayen kaya da ayyuka ya haura kashi 12 cikin 100 na dukan arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, kuma ko da yake manyan kwangiloli ne ke lashe mafi yawan kuɗin, idan aka ƙirga cinikin ɗaya bayan ɗaya, ƙananan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Masu tsara doka sun san ba zai yiwu a bi doguwar hanyar bayar da babbar kwangila, da tallarta da buɗe akwatin tayi a bainar jama'a da zaman kwamitin tantancewa na watanni, don kawai a sayi kujeru arba'in ba, domin kuɗin bin hanyar zai iya fin kuɗin kujerun. Saboda haka kusan kowace ƙasa ta yanka wata iyaka ta kuɗi, ta ce duk abin da bai kai ta ba a saye shi ta gajeriyar hanya. A gwamnatin tarayyar Amurka matakan biyu ne. Na ƙasa shi ne ƙaramar sayayya, wadda iyakarta ta tashi daga dala 10,000 zuwa dala 15,000 a watan Oktoba na 2025, kuma a wannan mataki jami'i yana iya sayen abu da katin gwamnati ba tare da ya kwatanta farashin 'yan kasuwa da yawa ba, muddin ya gamsu farashin bai wuce kima ba. Na sama shi ne sauƙaƙaƙƙiyar hanyar saye, wadda iyakarta ta tashi daga dala 250,000 zuwa dala 350,000 a lokaci guda. Abin da ke tsakanin matakan biyu doka ta keɓe shi ga ƙananan kamfanoni, matuƙar jami'in yana sa ran akalla biyu daga cikinsu za su kawo tayi mai kyau a farashin kasuwa. Sauran ƙasashe suna da nasu adadin, kuma adadin yana canzawa, don haka abu na farko da za ka nema a dokar saye ta ƙasarka, ko ta jiharka, ko ta hukumar da kake hari, shi ne inda wannan iyaka take a yau.

Hanyar da aka fi bi a ƙasa da iyakar ita ce neman farashi. Samfurin dokar saye na 2011 da UNCITRAL, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki, ta fitar, wanda ƙasashe da dama suka ɗora nasu dokokin a kansa, ya bayyana ta a taƙaice: a nemi farashi daga akalla 'yan kasuwa uku, kowanne ya faɗi farashinsa sau ɗaya tak ba tare da damar canzawa ba, ba a yin ciniki na tayi da ragi, kuma wanda ya fi araha cikin waɗanda suka cika abin da ake buƙata shi ke samu. Ka tsaya a kan wannan adadi na uku, domin duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya rataya. A babbar kwangila ana shela ne kowa ya zo. A ƙarama kuwa, sau da yawa jami'in saye yana ɗauko sunaye uku ne daga jerin da ke gabansa, ko daga waɗanda ya sani sun taɓa kawo kaya lafiya, ya aika musu da takarda, a gama cikin mako guda, kai ko labari ba ka ji ba. Wanda ya zauna yana jiran sanarwa zai daɗe yana jira. Tun ran gini tun ran zane: aikin neman ƙaramar kwangila ana yin mafi yawansa ne tun kafin buƙatar ta taso.

Takardu da rajista

Gwamnati ba ta ciniki da wanda ba ta da shaidar wanzuwarsa. Ka yi wa kamfaninka rajista bisa doka, ka sami lambar biyan haraji da shaidar cewa ba a bin ka bashin haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kamfani, ka kuma mallaki duk lasisin da sana'arka ke buƙata. Daga nan sai rajistar masu sayar wa gwamnati kaya, wadda a yawancin ƙasashe ta koma intanet. A Amurka shafin SAM.gov ne, inda ake ba kamfani lambar shaida ta musamman, kuma dole a sabunta rajistar kowace shekara. Indiya tana da kasuwar gwamnati ta GeM tun 2016, Koriya ta Kudu tana da KONEPS, Yukren tana da ProZorro, Birtaniya tana da Find a Tender. Abu biyu nake so ka kiyaye a nan. Na farko, sunan kamfani da adireshinsa su zama iri ɗaya, harafi da harafi, a takardar rajista da ta haraji da ta banki, domin saɓanin kalma guda yana iya tsayar da rajista makonni, ya kuma tsayar da biyan kuɗi bayan an gama aiki. Na biyu, rajista a SAM.gov kyauta ce, haka ma a shafukan gwamnatoci da yawa, amma akwai masu aiko da saƙonni masu kama da na hukuma suna neman a biya su don su yi wa mutum rajista ko su sabunta masa. Ka shiga shafin hukuma da kanka ka tabbatar kafin ka ba kowa ko sisi.

Wajen rajista za a nemi ka zaɓi lambobin da ke nuna irin sana'arka, kamar lambobin NAICS masu alƙaluma shida a Amurka ko na CPV a Tarayyar Turai. Jami'an saye da waɗannan lambobi suke bincike, saboda haka wanda ya zaɓi lambar da ba ta dace ba ya ɓoye kansa da kansa. Kwaɗayi yakan sa wasu su zaɓi lambobi talatin, daga gini har sayar da magani, kuma wannan yana rage musu daraja a idon jami'in da ke neman wanda ya san aikinsa. Ka zaɓi abin da za ka iya yi gobe da safe idan aka kira ka.

Ka kuma bincika ko akwai kason da aka ware wa irin kamfaninka. Gwamnatin tarayyar Amurka tana da burin ba ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin 100 na kuɗin kwangilolinta, da kashi 5 ga waɗanda mata suka mallaka. Indiya ta wajabta wa ma'aikatun tarayya sayen kashi 25 cikin 100 daga ƙananan masana'antu, ta kuma ɗauke wa masu rajista kuɗin ajiyar da ake biya lokacin shigar da tayi. Kenya ta ware kashi 30 cikin 100 ga kamfanonin matasa da mata da masu buƙata ta musamman. Duk waɗannan sai da takardar shaida ake cin moriyarsu, kuma neman takardar yana ɗaukar lokaci, don haka a fara da wuri.

Gano wanda ke sayen abin da kake sayarwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar gwamnati a matsayin mai saye guda ɗaya. Ɗaruruwan masu saye ne, kowanne da kasafinsa da jami'insa da lokacin da yake sakin kuɗi: asibiti daban, jami'a daban, barikin soja daban, ƙaramar hukuma daban, hukumar ruwa daban. Mai ƙaramin kamfani ba shi da ƙarfin bin su duka, kuma ba ya buƙata. Hukumomi uku ko huɗu da ke sayen kayanka a kai a kai, waɗanda kuma suke inda za ka iya kai kaya ba tare da kuɗin mota ya cinye ribar ba, sun ishe ka farawa.

Hanyar gano su ita ce karanta abin da ya riga ya wuce, kuma ina ganin wannan ita ce sa'a mafi amfani da mai neman kwangila zai kashe a mako. Ƙasashe da yawa suna wallafa sakamakon kwangilolin da aka bayar. A Amurka shafin USAspending.gov yana nuna hukumar da ta saya, da kamfanin da ya samu, da adadin kuɗin. A Birtaniya, a ƙarƙashin dokar saye ta 2023 da ta fara aiki a watan Fabrairu na 2025, ana wallafa bayanin kwangilar da ta kai fam 12,000 idan ta gwamnatin tsakiya ce, ko fam 30,000 idan ta ƙananan hukumomi ce. Ka buɗe takarda ka rubuta, ga kowace hukuma da kake hari, me ta saya a shekaru biyu da suka wuce, a wane wata, daga hannun wa, a kan nawa. Ba za ka yi nisa ba za ka fara ganin tsari: wata hukuma tana sabunta kwangilar gyaran na'urorin sanyaya ɗaki duk shekara a wata ɗaya, wata tana sayen kayan ofis da yawa gab da ƙarshen shekarar kuɗi don kada ragowar kasafinta ya koma baitulmali. A Amurka shekarar kuɗi ta tarayya tana ƙarewa ne ranar 30 ga Satumba, shi ya sa watannin da ke gabanta suke cike da ƙananan sayayya. Ka san ranar da ta ƙasarka ke ƙarewa. Wasu hukumomi ma suna fitar da jadawalin abin da suke shirin saye a shekara mai zuwa, kuma mutane ƙalilan ne suke damuwa su karanta shi.

Sanarwa ita ma tana da nata muhimmancin, sai dai ka san iyakarta. A Amurka abin da ake sa ran zai wuce dala 25,000 ne ake wajabta sanarwa a SAM.gov, wanda ke nufin dubban ƙananan ciniki ba sa bayyana a can kwata-kwata. Ka kunna saƙon faɗakarwa na shafin da lambobin sana'arka, ka riƙa duba shafin kowace hukuma da allon sanarwarta, amma kada ka dogara da su kaɗai.

Abin da ya rage shi ne ka sa a san ka, ta hanyar da doka ta yarda. Ka shirya takarda shafi ɗaya mai ɗauke da sunan kamfani, da lambobin rajista, da ainihin abin da kuke yi, da ayyuka biyu ko uku da kuka kammala tare da wanda za a tambaya ya tabbatar, da lambar wayar da ake ɗauka idan an kira. Ka aika wa ofishin saye na hukumar, ka nemi a sa ka cikin jerin masu kawo kaya, ka tambayi yadda suke zaɓen waɗanda suke aika wa neman farashi. Hukumomi da yawa suna da jami'in da aikinsa shi ne taimaka wa ƙananan kamfanoni, suna kuma shirya taron ganawa da 'yan kasuwa. A Amurka akwai cibiyoyin APEX da ke ba da irin wannan shawara, galibi kyauta. A nan dole in yi magana ba tare da kwana-kwana ba. Gabatar da kai daban, toshiyar baki daban. Kyauta ga jami'in saye, komai ƙanƙantarta, tana iya jawo a haramta wa kamfani kwangila na shekaru, ko ta kai mutum kotu. Haka ma ɗabi'ar nan ta mutum ɗaya ya kawo farashi uku da sunan kamfanoni uku, ko 'yan kasuwa su haɗa baki su riƙa karɓa-karɓa, ko a tsinka babbar sayayya gida-gida don ta faɗo ƙasa da iyaka. Duka laifi ne, kuma irin abin da masu binciken kuɗi suka fi saurin ganowa ke nan, domin lambar waya ɗaya ko kuskuren rubutu iri ɗaya a takardu uku ya isa ya tona asiri.

Ranar da takardar ta zo

A ɗauka wata hukuma ta aiko maka da neman farashin kujerun ofis arba'in, ta ba da kwana biyar. Ka karanta takardar daga farko har ƙarshe sau biyu, da biro a hannu, kana ja wa kowane sharaɗi layi. Za ka tarar an rubuta tsayin kujera da irin yadinta, da cewa tana da madafar hannu mai ɗagawa, da garanti na shekara biyu, da cewa a kai kayan hawa na uku a harhaɗa su cikin kwana goma sha huɗu, da cewa farashin ya tsaya kwana sittin ba canji. Yanzu ka hango jami'in da zai duba amsoshin. Takardu uku ne a gabansa da jerin sharuɗɗa a gefe, yana bi yana sa alama. Na farko ya fi kowa araha amma bai ce komai a kan garanti ba. Na biyu ya rubuta cewa farashinsa na kwana talatin ne. Na uku ya fi su tsada kaɗan, amma ya amsa kowane layi da lambarsa, ya haɗa hoton kujerar da takardar bayaninta daga masana'anta, ya sa hannu inda aka ce a sa. Na ukun ne zai samu, domin jami'in zai ajiye fayil ɗin da mai binciken kuɗi zai buɗe wata rana, kuma ba zai iya kare zaɓen tayin da bai cika sharaɗi ba ko da ya fi araha. Sau da yawa a wannan mataki ba tsada ce ke kayar da tayi ba, rashin cika takarda ne.

Idan wani abu bai fito fili ba, ka yi tambaya a rubuce kafin wa'adin tambayoyi ya cika. Idan an ambaci wani samfuri aka ce ko makamancinsa, kuma makamancin za ka kawo, ka jera siffofinsa gefe da gefe da na wanda aka ambata don jami'in ya gani da idonsa. Kada ka liƙa naka sharuɗɗan ciniki, irin su a biya rabi kafin a kawo kaya, idan takardar ba ta ba da wannan dama ba, domin hakan kaɗai yana iya fitar da kai. Ka aika da wuri. Shafukan intanet suna rufe ƙofa a kan minti, kuma uzurin cewa layi ya yanke ba ya karɓuwa.

Farashi kuwa, tunda sau ɗaya za ka faɗe shi, sai ka zauna ka yi lissafi na gaskiya. Ka haɗa kuɗin kayan, da na dako da saukewa da hawa da su bene, da na harhaɗawa, da haraji, da abin da za a iya cirewa daga kuɗinka tun daga tushe inda doka ta tanadi haka, da kuɗin ruwan bashin da za ka ci idan da kuɗin aro za ka sayo kayan, da yiwuwar farashi ya tashi cikin kwana sittin ɗin nan. Ka sami alƙawarin farashi a rubuce daga wanda kake saro kaya a wurinsa, na tsawon kwanakin da kai ma ka ɗauka. Sannan ka kwatanta da abin da hukumar ta biya a baya, wanda ka riga ka rubuta a takardarka. Sabon shiga yakan karya farashi ƙasa da abin da ya kashe don kawai ya sa ƙafa a ƙofa, kuma ban ga hikimar hakan ba: rage riba abu ne mai yiwuwa, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ɗan kwangilar da ya gano faɗuwa a tsakiyar aiki shi ne yake fara kawo kaya marasa inganci ko ya gudu, ya ɓata sunan da ya zo nema. Idan lissafi bai fita ba, ka amsa cikin ladabi cewa ba za ka shiga wannan karon ba, ka nemi a ci gaba da aiko maka. Yin shiru ne ke sa a cire suna daga jeri.

Idan ba ka samu ba, ka nemi a gaya maka dalili. A tsarin Amurka, idan an yi zaɓen bisa wasu dalilai ban da farashi kaɗai, wanda bai samu ba yana iya neman taƙaitaccen bayani, kuma a wasu wurare ma jami'ai sukan amsa idan an tambaye su da mutunci.

Kai kaya da karɓar kuɗi

Kada ka sayi kaya ko ka fara aiki a kan maganar baki ko kiran waya, ko da daga babban jami'i ne. Takardar oda mai lamba da sa hannun wanda doka ta ba ikon ɗaure hukuma ita ce hujjarka, kuma a dokar Amurka farashin da ka bayar ba ya zama kwangila sai gwamnati ta aiko da oda ka karɓa, ko a rubuce ko ta hanyar fara aiki. Ka tabbatar da odar ta lambar wayar hukuma da ka samo da kanka, domin 'yan damfara sukan buga odar ƙarya da tambarin ma'aikata su sa a kai kaya wani sito su ɓace. Idan a tsakiyar aiki wani ya ce a ƙara abu kaza, ka nemi a gyara odar a rubuce kafin ka ƙara.

Ranar kai kaya ka tafi da takardar shaidar karɓa, ka tsaya a ƙirga a gabanka, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da muƙaminsa da kwanan wata ya sa hannu. Takardar neman biyanka ta ɗauki lambar odar, kuma bayanin kaya da adadi da farashi su yi daidai da na odar kalma da kalma, domin akanta yana haɗa takardu uku ne, oda da shaidar karɓa da neman biya, kuma idan ɗaya ta saɓa sai fayil ya koma baya. Dokokin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun sa kwana 30 a matsayin wa'adin biya na yau da kullum, amma ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aka karɓi takarda ingantacciya, kuma a ƙasashe da dama jinkiri yana wuce abin da doka ta rubuta. Saboda haka kada ka ɗauki odar da za ta cinye jarinka gaba ɗaya. Ka auna ko kamfaninka zai iya biyan ma'aikata da haya na wata uku idan kuɗin bai fito ba.

Bayan an biya, ka nemi takardar shaidar kammala aiki ka ƙara ta a shafinka na gabatarwa. Ka kuma tambayi ofishin saye ko suna da yarjejeniyar sayayya ta dindindin, irin wadda hukuma ke ƙullawa da 'yan kasuwa kaɗan kan kayan da take buƙata a kai a kai, ta riƙa yin oda a ƙarƙashinta na shekara ɗaya ko fiye ba tare da sabon neman farashi kowane lokaci ba. Ka tambayi watan da za a sake buɗe ta da takardun da za a nema, ka rubuta ranar a kalandarka, ka fara haɗa su wata biyu kafin lokacin.